Yatsun Ƙafar Ya Fanna

Duk matar da ta shiga shagon Barira a Jekadafari don a rina mata gashi, sai ta cire takalmi, ta cire safa in tana da ita, ta ɗora ƙafafunta a kan wata 'yar kujerar tsuguno da ke gaban madubi. Baƙi sukan yi dariya, su ce su kai suka kawo ba ƙafa ba. Barira ba ta jayayya da kowa. Takan ce in ba a ɗora ƙafar ba, ita ma ba za ta buɗe kwalba ba. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wata Laraba ta shekarar 2015, da wata mata mai suna Ya Fanna, wadda ba abin da take so a duniya illa 'yarta ta gane ta.

A Gombe aka haifi Barira, amma tushensu Malumfashi. Auduga ce ta kawo mahaifinta, ya zauna a Jekadafari, bai koma ba. Tun tana ƙarama ake mata tsiya da ƙirge. Ita ce ta san taku ɗari uku da goma sha biyu ne daga ƙofar gidansu zuwa famfo, ita ce ta san awakin maƙwabta goma sha bakwai ne ko da masu su ba su sani ba. Tana da shekara sha tara, ana jibi bikinta da Usaini, wata ƙawarta ta shafa mata man sakin gashi, ta shagala da hira a tsakar gida. Barira ta ji kanta yana ci kamar an zuba barkono, amma amarya ce, kunya ta hana ta kira. Minti arba'in man ya yi. Har yau akwai fili a tsakiyar kanta, faɗin murfin kwalba, gashi bai sake fitowa a wurin ba.

Wannan filin ne ya zaɓa mata sana'a. Ta yi shekara biyu tana koyo a wurin wata mata 'yar Billiri da ke da shago a Dawaki, sannan ta buɗe nata: ɗaki ɗaya, kujera biyu, madubi ɗaya, randa a bayan ƙofa, agogon bango a sama da madubin, da labule mai kauri don kada idon maza ya shigo. Ba a daɗe ba sunanta ya zaga a matsayin mai iya kai marar juriya. Masu amosani, masu ƙuraje, waɗanda da an taɓa su da rini sai kai ya ɗauki ƙaiƙayi, duk wurinta ake turo su.

Aikinta a jere yake, ba ta tsallake ko ɗaya. Sai ta fara ɗiga rinin a bayan kunne ta sallame ki, ki yi awa arba'in da takwas, ki dawo ta duba. Kada ki wanke kai cikin kwana biyun nan, kada ki sosa, domin maiƙon kai garkuwa ne. Ranar aiki takan zagaye goshi da kunnuwa da ƙeya da basilin, ta raba gashin gida huɗu, ta riƙa shafawa tana barin tazarar tsinken ashana tsakanin rini da fata. Kofin ruwan randa yana hannun hagu, mafici yana hannun dama. Duk minti biyar sai ta sunkuyo ta tambaya ko da zafi. In aka ce da zafi, ko saura minti ɗaya ne, wankewa take yi. Duk kan da ta rina ta gama lafiya sai ta jefa ƙwayar wake ɗaya a gwangwanin madara. Ranar da Ya Fanna ta fara zuwa, wake ɗari huɗu da goma sha ɗaya ne a ciki, kuma ba a taɓa samun kan da ya ƙone a hannunta ba.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Tun da bama-bamai suka fara tashi a tashoshi da kasuwa, mata suka daina son taruwa wuri ɗaya. Biki ya koma na mutum ashirin a tsakar gida. A ƙofar kasuwa sai mace ta ɗaga hijabi an laluba ta. Shagon da ke ganin kai goma sha ɗaya a yini ya koma ganin uku. Amma sai wasu irin mata suka fara zuwa, daga Borno da Yobe, waɗanda suka cika ɗakunan haya a Nasarawo da sauran unguwanni. Matasa ne, amma furfura ta ci rabin kai. Barira ta ƙirga ashirin da bakwai cikin shekara ɗaya. Ba su cika magana ba, su zauna, a yi musu, su yi godiya a hankali su tafi.

Ranar Litinin da hantsi Safiyyatu mai masa, tsohuwar mai zuwa shagon kuma mai bakin da ba ya hutawa, ta shigo riƙe da hannun wata siririyar mata. Barira ta ga furfura ta leƙo ta gefen hijabi, sai ta tura kujera, ta ce sannu da zuwa Inna.

"Wace Inna?" in ji Safiyyatu. "Shekara uku kawai ta ba ki, ke da kike ƙirga kiyashin gari. Talatin da huɗu ce."

Barira ta ba da haƙuri. Matar ta ce babu komai, ta zame hijabin, ta kwance ɗankwali. Gashi ne mai yawa, har tsakiyar baya, fari fat tun daga tushe. Daga bayan kunnen hagu zuwa ƙeya kuwa tabon ƙuna ne, fata ta tattare tana sheƙi, gashin da ke gefen tabon ya fito tsilli-tsilli.

Safiyyatu ce ta ba da labarin, ita matar, wato Ya Fanna, tana kallon bango kamar zancen wata ake yi. Wata sha tara da suka wuce aka shiga ƙauyensu a bayan Damboa. Mijinta da 'ya'yanta maza biyu a ranar aka kashe su. Rufin ciyawa mai ci da wuta ne ya faɗo mata a ka. Autarta Zara, mai shekara huɗu a lokacin, wata maƙwabciya ce ta saɓa ta ta yi wani ɓangaren da ita, tun daga nan ba labari. Cikin wata uku kan Ya Fanna ya yi fari. Makon jiya aka kira wanta Laminu, aka ce ga yarinyar a wani sansani kusa da Yola, da ranta. Ya tafi ɗauko ta, ranar Alhamis za su iso. An kara wa yarinyar waya a kunne sau biyu, ta ƙi cewa uffan. Maƙwabciyar ta ce duk sanda aka tambaye ta uwarta, abu ɗaya take faɗi: mai baƙin gashi dogo, wanda take riƙewa ta yi barci.

Barira ta duba tabon da kyau, ta girgiza kai. Ta ce irin wannan fatar ba ta son baƙin rini, a bari ta yi mata lalle, ya fi sanyi, zai rufe farin da ja. Ya Fanna ta ce ja ba baƙi ba ne. Barira ta ce to a ɗaura ɗankwali kawai, ai fuska yaro yake dubawa.

Sai a nan Ya Fanna ta ɗago, da Hausarta mai karin Barebari.

"Ƙanwata, ba fuskata ta riƙe ba. Gashina ta riƙe."

Barira ta sake duban tabon. Ta ce to za a gwada, in fata ta karɓa a yi, in ta ƙi ba za ta yi ba ko waye ya roƙe ta. Ta tambaya ko an taɓa yi mata ƙunshin dayis ya yi mata ƙaiƙayi. Ya Fanna ta ce babu komai. Da yake bayan kunnen duk tabo ne, sai Barira ta naɗe mata hannun riga, ta ɗiga rinin a lanƙwasar gwiwar hannu, ta dubi agogo. Sha ɗaya daidai. Ta ce jibi Laraba sha ɗaya, kada a yi ƙasa da haka ko da minti ɗaya.

Ranar Talata aka ji wata ƙara daga wajen kasuwa. Jekadafari ta hargitse, masu shago suka ja ƙofa, iyaye suka yi makaranta a guje. Usaini, wanda ya daɗe da sauya acaɓa da keke mai ƙafa uku, yana can wajen, wayarsa ba ta shiga. Barira ta kira sau talatin da ɗaya. Sai bayan awa huɗu ya dawo da kaya jiƙe da gumi, ya ce tayar babbar mota ce ta fashe, amma a turmutsutsun an tattake mutane, shi ya yi ta kai su asibiti. Barira ta wayi gari Laraba kanta kamar ba nata ba. Ta riƙe awa arba'in da takwas, ta riƙe ƙarfe sha ɗaya. Abin da ba ta riƙe ba shi ne a wane hannu ta ɗiga. Mata uku ta gwada a ranar Litinin ɗin.

Ya Fanna ta zo ita kaɗai, tun goma da rabi, ta zauna tana jiran agogo. Sha ɗaya na cika ta naɗe hannun rigarta na dama ta miƙo. Ga baƙin ɗigo a lanƙwasar hannu, fatar da ke kewaye da shi sumul, ba ja, ba kumburi. Barira ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ce Alhamdu lillahi, Ya Fanna, fatarki ta fi ta 'yan birni ƙwari.

Ba ta taɓa yin aiki da kula irin na ranar ba. Ta lulluɓe tabon da basilin mai kauri, ta ɗora auduga a kai. Maimakon tsinken ashana ɗaya, tazarar biyu ta bari. Ta gama shafawa, ta ɗauki mafici, ta ce minti talatin za a yi.

Minti biyar, ta tambaya ko da zafi. Babu komai. Minti goma, babu komai. A sha biyar ta ga gumi yana gangara ta gefen wuyan Ya Fanna, amma garin da zafi, babu wuta, ita ma gumin take yi. Ta ƙara fifita. Ta dubi fuskar a madubi, shiru, ido bai ƙifta ba, leɓe bai motsa ba. A ashirin ta sake tambaya, Ya Fanna ta ce ta ci gaba da aikinta.

A minti na ashirin da biyu sai wani abu ya ce ɗas a ƙasa. Barira ta duba. Maɗaurin silifas ɗin Ya Fanna ne ya tsinke. Yatsun ƙafarta goma sun dunƙule sun nutse cikin robar, jijiyoyin ƙafar sun miƙe kamar igiya, dunduniya tana rawa a kan siminti.

Barira ta yar da maficin. Ta kwantar da kan a bakin roba ta fara zuba ruwan randa, ba kofi ba, bokiti. Uku ta ƙarar. Ruwan ya bi wuya ya jiƙa riga, sai ta kama hannun hagu za ta naɗe don kada ya ƙara jiƙa. Ya Fanna ta janye, amma ta makara. Lanƙwasar hannun hagu ta kumbura faɗin tafin hannu, ta yi jawur, ƙuraje masu ruwa sun fito sun farfashe. Barira ta juya na dama. Ruwa ya taɓa baƙin ɗigon, ya narke ya gangaro. Kwalli ne.

Ta daɗe riƙe da hannayen biyu.

"Ya Fanna, don Allah me ya sa?"

"Da na nuna miki, za ki yi?"

"Ba zan yi ba."

"To." Ruwa yana ɗiga daga gashin. "Ya kama?"

Ya kama. Da ta miƙe gaban madubi, baƙi ne wuluk har tsakiyar baya, shekara ashirin sun sauka daga kanta. Ta kama wani sashe ta naɗe a yatsa yadda yaro yake yi, ta yi murmushi. Shi ne karo na farko da Barira ta ga haƙoranta.

Barira ta ce a tafi asibiti yanzu. Ya Fanna ta ce in aka kwantar da ita, wa zai tari Zara? Da ƙyar ta yarda Usaini ya kai su kemis, aka ba ta ƙwayoyi da man shafawa. Mai kemis ɗin ya ja Barira gefe ya ce mata irin wannan sai gobe yake nuna kansa.

Alhamis ƙarfe bakwai na safe Barira tana Nasarawo da man kaɗanya da auduga. Gidan haya ne, ɗaki biyu, mutum goma sha huɗu. Ta shiga ta tarar da wata zaune a kan tabarma, ba don gashin ba da ba ta gane ta ba. Fuskar ta kumbura ta yi suntum, goshi ya sauko ya rufe idanu ruf, kunnuwa sun yi kauri, leɓuna sun juye, wani ruwa-ruwa yana tsiyaya daga ƙeya. Safiyyatu tana tsaye a bakin ƙofa. Matar Laminu ta ce tun asuba suke roƙonta a tafi asibiti, ita kuwa ta ce ko mutuwa ce a nan za ta same ta.

Ya Fanna ta ji muryar Barira, ta ce ta zo ta gyara mata gashin. Mataji ba ya shiga, kai duk ciwo ne. Da yatsu Barira ta warware shi a hankali, ta kwanto da shi ta kafaɗu biyu zuwa gaba, yadda duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Daga nan ta zauna tana jiƙa tsumma da ruwan sanyi tana ɗora mata a ido. Duk motsin da aka yi a zaure sai Ya Fanna ta miƙe wuya.

Sai bayan la'asar Laminu ya iso, ya ce shingen bincike goma sha tara suka wuce, a kowanne sai an sauke kowa. Yana riƙe da hannun yarinya ramammiya, an aske mata kai, rigar da ke jikinta ta yi mata yawa. Ya ratso da ita tsakar gida. Aka ɗaga labule.

Ya Fanna ba ta iya ganinta. Ta sa yatsu biyu tana ƙoƙarin buɗe fatar idonta, ta kasa. Sai ta ɗaga gashin da hannu biyu ta miƙa shi wajen ƙofa, ta kira sunan yarinyar, ta yi mata magana da Barbarci. Kumburin leɓe ya sauya muryar, ta fito a daƙushe kamar ta namiji.

Zara ta tsaya a bakin ƙofa. Barira ta ƙirga, ba da niyya ba: numfashi tara yarinyar ta yi tana kallo. Sannan ta ja da baya, ta shige bayan Laminu, ta cusa fuska a rigarsa. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi wata gajeriyar magana. Matar Laminu ta rufe baki da mayafi. Daga baya ne Safiyyatu ta gaya wa Barira abin da ta ce: wai kawu ya ce gidan uwarta zai kai ta, yaushe za su tafi?

Ya Fanna ta sauke hannayenta. Ta ce yanzu a kai ta asibiti.

Kwana shida ta yi a kwance. A rana ta biyu ma'aikaciyar jinya ta ce dole a cire gashin don a samu wanke ciwon, Ya Fanna ta ce Barira kaɗai za ta taɓa mata kai. Barira ta zo da almakashinta. Sau hamsin da huɗu ta datsa. Da ta gama ta ce a yafe mata, domin ita ce ba ta riƙe hannun da ta ɗiga ba. Ya Fanna ta ce ita ta yaudare ta, kada ta ɗauki kayan da ba nata ba. Sannan ta roƙi abu ɗaya: a wanke gashin, a kitse shi jela guda, a kai wa Zara.

Barira ta wanke shi sau biyar, ta shanya, ta kitse, ta ɗaure bakin da zare. Yarinyar ta karɓa ta juya shi, ta shinshina, ta naɗe a yatsa. Tun daga ranar da shi take barci, a bayan matar Laminu. Da aka sallamo Ya Fanna kumburi ya saɓe, fuska ta dawo, sai dai ta yi duhu-duhu, kai kuma ƙwal. Da gashi ya fara tsirowa, fari ya fito. Zara ta daina gudunta. Takan karɓi abinci a hannunta, takan zauna kusa da ita. An gaya mata sau ba adadi cewa wannan ce uwarta, takan ce to. Amma Kaka take kiranta, kuma wata rana ta tambaye ta a ina ta samo gashin uwarta.

Barira ba ta jefa wake ba a wannan karon. Ta sayo kujerar tsuguno, ta fara rubuta hagu ko dama da alli a jikin bango, ta fara goge duk ɗigon gwaji da jiƙaƙƙiyar auduga kafin ta yarda da shi. Har yanzu tana tambaya duk minti biyar, amma ba amsar take saurare ba. Ta ce matan da suka fito daga can, wuta ta riga ta koya musu riƙe fuska, amma ba wanda ya koya wa ƙafa. Cikin shekara biyu da suka biyo baya, kai goma sha uku ta wanke kafin lokaci, masu su duk suna cewa babu komai.

Ana saura kwana uku Babbar Salla ta shekarar da ta biyo, Ya Fanna ta kawo Zara kitso. Gashin yarinyar ya fito, baƙi, mai yawa, irin na uwarta. Ya Fanna ta cire takalmi a bakin ƙofa ta zauna a ɗaya kujerar. Barira ta tambaye ta gida, ta tambaye ta ko yarinyar ta sauya kira. Ta ce tukuna, amma ai tana kira, a baya wata sha tara ta yi ba mai kiranta da komai.

Barira ta tsaga gashin Zara gida takwas, ta fara. Tana kan na uku yarinyar ta juyo.

"Kaka, kin ga ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji Ya Fanna, fuskarta a sake, har da murmushi.

Barira ba ta so dubawa ba, amma ido ya riga ya saba. Yatsun goma sun dunƙule a kan siminti. Ta mayar da kanta kan kitson, ta kama na huɗu.